Rigingimun haƙƙin mallaka a kan buɗaɗɗun manyan manhajoji

Rigingimun haƙƙin mallaka a kan buɗaɗɗun manyan manhajoji su ne ƙararraki da barazanar ƙara da suka shiga tsakanin kamfanonin da ke sayar da rufaffiyar manhaja da masu haɗa manhajojin sarrafa kwamfuta irin su BSD da Linux da Android, waɗanda kowa ke iya duba rubutun tushensu, ya gyara, ya kuma rarraba. Akasarinsu a kotunan Amurka aka fafata, tun daga farkon shekarun 1990. Abu uku ake jayayya a kai: haƙƙin mallakar rubutun manhajar, da rajistar ƙirƙira wadda ke kare dabara ko da wani ya zauna ya rubuta nasa daga farko, sai kuma suna ko tambarin kasuwanci.

Asali

Saiwar yawancin rigimar tana komawa ga manhajar sarrafa kwamfuta ta Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a ɗakin binciken Bell na kamfanin AT&T a 1969. Wata yarjejeniya da kamfanin ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi shiga kasuwar kwamfuta, don haka ya riƙa ba jami'o'i Unix tare da rubutun tushenta a kan kuɗi kaɗan. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta shafe shekaru tana ƙare-ƙare a kai, tana rarraba nata da sunan BSD. Da aka raba AT&T a 1984 ya samu damar sayar da Unix da tsada, a lokacin kuwa aikin kamfanin da na jami'ar sun cakuɗe ta yadda tsame na wani daga na wani ya zama jan aiki.

Shari'ar BSD

A 1991 Berkeley ta fitar da wani zubi na BSD mai suna Net/2 bayan ta sake rubuta sassan da ta san na AT&T ne. Wani ƙaramin kamfani, BSDi, ya ɗora kayansa a kai yana sayarwa, har lambar wayar tallansa ma tana ɗauke da kalmar Unix. A 1992 USL, reshen AT&T mai riƙe da Unix, ya maka shi a kotun tarayya a New Jersey, daga baya ya haɗa da jami'ar. Alƙali Dickinson Debevoise ya ƙi dakatar da rarrabawar a 1993, yana mai nuni da cewa AT&T ya taɓa bazar da wata tsohuwar Unix ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba. Ita ma jami'ar ta shigar da tata ƙara a Kalifoniya, cewa AT&T ya kwashi aikin BSD ya sa a nasa bai ambaci masu shi ba.

Ana cikin haka kamfanin manhaja na Novell ya sayi USL, aka kuma yi sulhu a farkon 1994. Daga cikin fayiloli kusan 18,000, uku kacal aka cire, aka ƙara alamar mallaka a kan wajen 70. Sharuɗɗan sun zauna a asirce har 2004. Ɓarnar dai ta riga ta auku: shekaru biyun da aka yi ana ɗari-ɗari da BSD su ne shekarun da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta samu fili ta yi ƙarfi.

SCO da IBM da Novell

Wannan ce shari'a mafi tsawo a fagen. A 1995 Novell ya sayar wa kamfanin Santa Cruz Operation harkar Unix. A 2001 harkar ta koma hannun Caldera, kamfanin da shi kansa Linux yake sayarwa a ƙarƙashin lasisin GPL (lasisin da ya wajabta wa duk mai rarraba manhajar ya saki rubutun tushenta), wanda daga baya ya sauya suna zuwa SCO Group. A watan Maris na 2003, ƙarƙashin jagorancin Darl McBride, SCO ya kai IBM ƙara a jihar Utah yana neman dala biliyan 1, adadin da ya yi ta hawa har ya kai biliyan 5. Zargin shi ne IBM ya karya yarjejeniya ya zuba sirrin Unix a cikin Linux. SCO ya aika wasiƙun gargaɗi ga manyan kamfanoni kusan 1,500, ya ce duk mai amfani da Linux ya biya dala 699 a kan kowace uwar garke (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) mai ƙwaƙwalwa ɗaya. A 2004 ya kai AutoZone da DaimlerChrysler kotu don su zama izina ga saura.

Da aka ce a kawo hujja, sai magana ta canja. A wani taro a Las Vegas cikin Agustan 2003 SCO ya nuna wasu layuka da ya ce an sata, ya ɓoye wani ɓangare da haruffan Girkanci. Cikin 'yan kwanaki masana suka warware su, suka gano cewa wasu tsohon rubutu ne da Caldera da kansa ya saki wa jama'a, wasu kuma daga BSD suka fito. Shafin Groklaw, wanda Pamela Jones ta kafa a shekarar, ya riƙa tattara takardun kotu, masu sa kai suna bin su layi-layi. A 2005 Alƙali Dale Kimball ya nuna mamakin tazarar da ke tsakanin abin da SCO ke faɗa wa duniya da abin da ya gabatar wa kotu, kuma a 2006 aka yi watsi da fiye da rabin zarge-zarge 294 da ya lissafa saboda rashin fayyace su.

Abin da ya karya SCO daga wani ɓangare ya zo. Novell ya ce a cinikin 1995 bai taɓa miƙa haƙƙin mallakar Unix ba, harkar kasuwancin kawai ya sayar. Kimball ya ba Novell gaskiya a Agustan 2007, wata guda bayan haka SCO ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake sauraro, amma a Maris na 2010 masu taya alƙali yanke hukunci suka sake tabbatar wa Novell. Ragowar ƙarar IBM ta yi ta jan ƙafa har 2021, lokacin da IBM ya biya dala miliyan 14.25 aka rufe ta.

Microsoft da Sun sun sayi lasisi daga SCO a 2003. Masu suka sun ce tallafi ne a fakaice. Microsoft ya musanta.

Microsoft da rajistar ƙirƙira

Microsoft bai bi hanyar zargin satar rubutu ba. Takardun cikin gida da suka fallasa a 1998, waɗanda Eric Raymond ya wallafa, sun nuna kamfanin na kallon Linux a matsayin babbar barazana, kuma a 2001 shugabansa Steve Ballmer ya kwatanta ta da ciwon daji. A Nuwamban 2006 Microsoft ya ƙulla yarjejeniya da Novell cewa ba zai kai abokan cinikin Novell masu amfani da Linux ƙara ba, abin da ya fusata masu buɗaɗɗiyar manhaja har aka sa sharaɗin hana irinta a GPL ta uku a 2007. A wannan shekarar ya shaida wa mujallar Fortune cewa buɗaɗɗun manhajoji sun taka rajistarsa 235, 42 daga ciki a zuciyar Linux, amma bai bayyana ko waɗanne ba ne. Rashin faɗin shi ne ƙarfin barazanar, domin wanda bai san abin da ya taka ba ba zai iya kauce masa ba.

A 2009 Microsoft ya kai TomTom, kamfanin na'urorin nuna hanya masu aiki da Linux, ƙara, inda wasu rajistocin suka shafi tsarin adana fayil na FAT. An sasanta cikin makonni. Daga 2010 masu ƙera wayoyin Android, ciki har da HTC da Samsung, suka fara biyan sa. Takardun kotu sun nuna Samsung kaɗai ya biya wajen dala biliyan 1 a 2013. A 2018 Microsoft ya shiga Open Invention Network, ƙungiyar da IBM da Novell da Philips da Red Hat da Sony suka kafa a 2005 don kare Linux, ya kawo rajista kimanin 60,000.

Oracle da Google

Oracle ya kai Google ƙara a 2010 kan layuka kusan 11,500 na Java, harshen rubuta manhaja da ke hannun Oracle, da aka yi amfani da su a Android. A Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, shida da biyu, cewa amfani ne da doka ta halatta.

Rigimar suna

Wani mutum a Boston ya yi rajistar kalmar Linux a 1994 ya fara neman kuɗi; a 1997 aka mayar wa Torvalds. Microsoft ya ƙalubalanci sunan Lindows, wani nau'in Linux, a ƙarshen 2001 saboda kamanninsa da Windows, amma a 2004 shi ya biya dala miliyan 20, manhajar ta koma Linspire.

Ƙararraki daga ɗaya ɓangaren

Masu buɗaɗɗiyar manhaja su ma sun kai ƙara, galibi kan kamfanonin da suka sa Linux a na'urorinsu suka ƙi sakin rubutun tushe kamar yadda GPL ta shar'anta. Wata kotu a Munich ta tabbatar da ƙarfin lasisin a 2004 a ƙarar da Harald Welte ya jagoranta kan Sitecom. Gidauniyar Free Software ta kai Cisco ƙara a 2008 kan na'urorin Linksys, aka sasanta a 2009. Ƙarar da Christoph Hellwig, ɗaya daga masu rubuta Linux, ya shigar kan VMware a Hamburg a 2015 ta faɗi saboda bai gamsar da kotu kan sassan da shi ya rubuta ba, ɗaukaka ƙararsa ma ta faɗi a 2019.