Tsutsa da sauran ƙwarin da ke cin wiwin gona a Amurka da Kanada

Wiwi da ake shukawa a fili, ba a cikin ɗaki ko rumfar gilas ba, yana da ƙwarin da suke damunsa kamar kowace shuka, kuma a Arewacin Amurka wadda ta fi kowa ɓarna ita ce tsutsar da ke shiga cikin fure. Binciken wannan fanni sabo ne sosai. A Amurka sai a watan Disamba na 2018 dokar noma ta tarayya ta halasta noman nau'in da ake kira hemp, wato wiwin da sinadarin THC mai sa maye bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba a cikinsa, wanda ake nomawa don zare da iri da man CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya sa maye. Kanada kuwa tun 1998 take ba da lasisin hemp, sannan a Oktoba 2018 ta halasta har mai sa mayen. A Najeriya dai noman wiwi laifi ne kuma hukumar NDLEA ce ke bin sa, don haka abin da ke nan bayanin gonakin can ne masu lasisi.

Abin da ya bambanta wannan shuka da masara ko auduga shi ne, in ba don zare ko iri aka noma ta ba, furen ake so, kuma furen nan ƙona shi ake yi a zuƙa ko a tatse mansa, babu ɓawon da za a ɓare a yar, ba a kuma wanke shi. Duk maganin da aka fesa masa yana nan maƙale a jikin danƙon furen, in aka tatsi mai ma sai ya ƙara taruwa wuri ɗaya. Shi ya sa manomin wiwi ba shi da damar ɗauko kowace kwalba a shagon magani ya fesa, kusan duk dabararsa ta koma kan gano ƙwaro da wuri.

Tsutsar masara

Sunanta na kimiyya Helicoverpa zea, 'yar'uwa ce ta kusa ga Helicoverpa armigera wadda ke huda tumatir da ƙwallon auduga a ƙasashenmu, wanda ya taɓa fasa tumatir ya ga tsutsa naɗe a ciki to ya san dangin. Uwar wani irin malam-buɗe-littafi ne mai launin ƙasa-ƙasa da ke yawo da dare, tana iya yin ƙwai ɗaruruwa har sama da dubu, ɗai-ɗai take ajiye su ba a dunƙule ba, kuma cikin kwana uku zuwa huɗu sun ƙyanƙyashe in akwai zafi. Asali gemun masara ta fi so. To amma a ƙarshen Agusta zuwa Satumba gemun ya bushe, daidai lokacin kuma wiwi yake fure, sai ta yi ƙaura ta koma can. Gonar da ke maƙwabtaka da masara ita ta fi shan wahala.

Tsutsar tana ƙarama launinta ya saje da ganye, da ƙyar ido ke kama ta, tana girma sai ta kutsa tsakiyar furen inda ya cunkushe tana ci daga ciki. Yawanci manomi ba tsutsar yake fara gani ba, kashinta yake gani, 'yan baƙaƙen ƙwayoyi zube a kan ganyen da ke ƙasa da furen, ko kuma ya ga wani ɓangare na fure ya yi ja-ja ya bushe alhali sauran kore ne shar, yana ja da yatsa sai ya cire ba wuya saboda an riga an datse shi daga ciki. Cin da ta yi ma ba shi ne babbar asarar ba. Raunin da ta bari da kashin nata su ke buɗe wa naman gwari mai suna Botrytis cinerea ƙofa, in aka samu raɓa ko ruwan sama sai furen ya ruɓe ya yi furfura mai launin toka, kuma irin wannan ba ya sayuwa ko kaɗan. Bayan kamar mako biyu zuwa uku tana ci sai ta sauko ta shige ƙasa ta zama kwanso, daga nan sabuwar uwa ta fito.

Akwai wasu tsutsotsi biyu masu huda kara. Grapholita delineana ƙarama ce, in ta girma takan yi launin ja-ja kamar lemo, tana shiga kara ta sa wurin ya kumbura, saman reshen ya yi yaushi. Ɗayar kuma Ostrinia nubilalis wadda yanzu aka fi saninta da masara, amma a Turai tun kafin masara ta je can wiwi na cikin abincinta. Waɗannan da zarar sun shige kara feshi ya zama ɓarnar kuɗi, abin da ake yi kawai shi ne a yanke reshen a fitar da shi daga gona, bayan girbi kuma kada a bar karare a tsaye don a cikinsu suke ɓuya har sanyi ya wuce.

Yadda ake maganinta

Farko dai sintiri. Ana kafa tarko mai ƙamshin macen ƙwaron wanda ke jawo mazan, in aka ga yawan da tarkon ke kamawa ya tashi to an san ƙwai na tafe, sai a riƙa duba furanni akai-akai ana buɗa su da hannu. A ƙaramar gona tsincewa da hannu har yanzu tana aiki, wasu kuma raga mai ƙananan ido suke rufawa tun kafin uwar ta iso, sai dai raga tana tare iska, in damshi ya yi yawa ruɓar da ake gudu ita za a tarar.

Maganin da aka fi dogaro da shi shi ne Bt, wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis. Wani masani ɗan Japan, Shigetane Ishiwata, ya gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, a 1911 kuma Ernst Berliner ya sake samunta a Jamus ya raɗa mata sunan yankin Thuringia, aka fara sayar da ita a Faransa a 1938. Dole sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa, a cikin hanjinta ne sinadarin ke narkewa ya huda hanjin, ta daina cin abinci sannan ta mutu bayan 'yan kwanaki. Bt ba ta cutar da mutum ko tsuntsu ko kudan zuma. Ita ce dai wadda aka ɗauki ƙwayar halittarta aka sa a waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya ta fitar a 2019 don tsutsar wake. Amma fa tana da nata rauni, hasken rana na lalata ta cikin 'yan kwanaki shi ya sa da yamma ake fesawa kuma a maimaita, sannan ƙananan tsutsa take kashewa sosai, wadda ta riga ta ƙoshi ta shige tsakiyar fure ba ta ma haɗuwa da ita. Ga kuma wata matsalar, shekaru da yawa na noman masara da auduga masu Bt a Amurka sun sa tsutsar masara ta fara jure wasu nau'o'insa. Saboda haka ake haɗawa da wani bairos mai suna HzNPV wanda dangin wannan tsutsa kaɗai yake kamawa, in ta mutu jikinta ya narke ya zuba a ganye sai wata ta ci ta kamu. Wasu kuma suna sakin Trichogramma, wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke yin ƙwansa a cikin ƙwan uwar tun kafin ya ƙyanƙyashe.

Masu tsotson ruwa

Darɓar wiwi, Phorodon cannabis, a Colorado aka fara tabbatar da ita a Arewacin Amurka a 2016. Tana taruwa a bayan ganye tana tsotsa tana zubar da ruwa mai danƙo, kuma takin nitirojin in ya yi yawa ƙara mata ƙarfi yake. A fili kam ba ta cika zama bala'i ba don akwai masu cinta da yawa, musamman ɗan jan buzuzun nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, muddin ba a kashe su da feshi mai ƙarfi ba. Tetranychus urticae, wata 'yar mitsitsiyar halitta mai tsotson ganye da saƙa irin ta gizo-gizo, zafi da ƙura take so. Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce Aculops cannabicola, ba ta ganuwa sai da madubin ƙara girma, sai dai a ga gefen ganye ya naɗe sama shukar ta dushe, kuma galibi a jikin dashe ake sayo ta ba a sani ba. Ana amfani da sabulun ƙwari da farar wuta da man dogon yaro a kansu, amma kafin fure, domin ɗaci da warinsu na zama a furen. Ban da masu tsotso, fara ma tana yi wa gonakin yammacin Amurka ɓarna a shekarar fari.

Doka

A Disamba 2019 ne hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fara amincewa da magunguna goma don hemp, tara daga ciki na halitta ne. Wiwi mai sa maye kuwa tunda dokar tarayya ba ta halasta shi ba, kowace jiha ce ke fitar da jerin abin da ta yarda da shi, wanda aka yarda a wannan jiha ana iya hana shi a maƙwabciyarta. A Kanada tsakanin 2016 da 2017 an janye wasu kaya daga kasuwa bayan an samu myclobutanil a cikinsu, maganin naman gwari ne da ke fitar da iskar sayanaid in aka ƙona shi, daga nan ne hukumar lafiya ta ƙasar ta wajabta gwajin ragowar magani kafin a sayar da kowane girbi.