Ba iska ba ce, tramol ne

Iyayena maza da mata na Garwa da Marwa da ƙauyukan da ke kewaye, yau da ku nake. Mun gaji da ganin ana shigo mana da samari ranga-ranga a ɗakin shan magani, baki na kumfa, harshe a datse, riga jiƙe da fitsari. In na tambayi abin da ya sha, amsa ɗaya ce: "Wallahi ba ya shan komai, iska ce ta buge shi." Sai na sa hannu a aljihun wandonsa, in zaro fallen tramol, wato maganin ciwo tramadol, rabi babu ƙwaya.

Don Allah ku daina ɓoye mana. Wannan ɓoyon ya fi komai ƙona mini rai.

Na san abin da ke kai yaran nan ga sha, kuma ba duka ne 'yan iska ba. Mai haya da babur zai fita tun asuba, ga zafin Maris da Afirilu, ga kuɗin mai babur da dole ya kai da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Ɗan dako yana son ya sauke mota kafin wani ya riga shi. Lokacin huɗa da cirar auduga haka. Wani ya gama makaranta ba aiki, zaman majalisa ya gada, abokai suka ce gwada ɗaya ka ji garau. Wani kuma angwanci ne, aka ce masa tana ƙara daɗewa. Ga ta da araha, a tebur ake sayar da ita kusa da alewa, wasu masu shayi ma a kofi suke narka ta. Har shanun huɗa ake ɗura wa, shi ya sa a 2014 masu bincike suka same ta a cikin ƙasa da ruwa a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru.

Tramadol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, likita ke rubuta shi don ciwo mai tsanani, kuma ko babban mutum ba a wuce masa 400 a yini. Wanda ake shigo da shi ta ɓarauniyar hanya 200 ne, 225, har 250. Yaro ya haɗiye biyu da safe ya riga ya kai iyaka ko ya wuce, kuma kafin la'asar zai ƙara. Daga nan ne jijjiga irin ta farfaɗiya ke zuwa. In ta same shi a kan babur, shi da fasinjarsa mai goyo ne a kwalta. In ya haɗa da diyazafam (ƙwayar sa barci) ko giya, numfashi ke yin ƙasa, ya kwanta barcin da ba tashi. Wanda ya tsira kuma ga rama, ga faɗa da kowa, ga satar wayar uwarsa, wani ya ƙare a gidan yari.

Amma ku sai ku kai shi wajen hayaƙi da rubutu mako guda, sai abu ya ci tura ku zo. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Ku yi ta a hanya, kuna tahowa. Hajiya, kin ga fallen nan lokacin da kike wanke masa kaya, kin sani. Baba, kai ma ka lura ba ya cin tuwo, ba ya barci. Kunyar maƙwabta ce ta rufe muku baki. Mu ba 'yan sanda ba ne, abin da kuka faɗa mana a ɗakin nan zai tsaya, kuma da shi muke sanin maganin da za mu ba shi da wanda zai ƙara masa illa.

In ya faɗi yana jijjiga: ku janye wuta da ƙarfe daga kusa da shi, ku kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa madara ko manja. In ta kai minti 5, ko ta dawo, ko numfashi ya yi rauni, a nufi asibiti nan take. Ku taho da fallen ƙwayar. Mai son bari kuma kada a ɗaure shi da mari a ɗaki, yankewa lokaci ɗaya na kawo zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi ke mayar da su ga sha. Ku kawo shi a rage masa a hankali, kuma wanda ya san gaskiyar abin da yake sha shi ne zai rako shi.