Kuskuren ma'aikaci a matatar mai: ana iya auna shi tun bai faru ba?

Matasanmu da dama daga Nima da Ashaiman suna aiki a matatar mai da ma'ajiyoyin gas na Tema a Ghana, kuma tun bayan fashewar gas a mahaɗar Atomic Junction da ke Accra cikin Oktoban 2017 tambayoyin nan ba su daina tasowa a majalisar hira ba.

Ɗan Adam ajizi ne, to ta yaya za a auna kuskurensa?

Abin da ake aunawa shi ne aikin da kuma yanayin da ake yinsa. Masana sukan ɗauki aiki guda, misali sauke gas daga tanka, su bi shi daki-daki, suna tambayar inda mutum zai iya mantuwa ko ya murɗa bawul (makullin bututu) ɗin da ba shi ba. Hanyar HEART, wadda J. C. Williams ya fitar a tsakiyar shekarun 1980, tana ba kowane irin aiki adadin yiwuwar kuskure, sannan ta ninka shi da abubuwan da ke rikita ma'aikaci. Ƙarancin lokaci kaɗai yana iya ninka shi har sau 11, rashin sabo da aikin kuwa har sau 17.

Akwai misalin da ya nuna haka?

Ranar 23 ga Maris 2005, a matatar BP da ke Texas City a Amurka, an cika hasumiyar tace mai fiye da kima yayin tayar da ita, ta yi ambaliya, wuta ta tashi, mutum 15 suka rasu. Da farko an ɗora laifin a kan ma'aikata. Amma bincike ya gano cewa ma'aunin da ke gabansu yana nuna mai na raguwa alhali ƙaruwa yake yi, wata ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, kuma wasunsu sun shafe kusan wata guda suna aikin awa 12 kullum ba hutu. Wanda ya kwana 29 a haka, ko da ya fi kowa ƙwarewa, idonsa na kan allo ne kawai, hankalinsa ya riga ya gaji.

Wane lokaci ne ya fi haɗari?

Lokacin tayar da injina bayan gyara, da lokacin da masu aikin rana ke miƙa wa na dare. A dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke teku kusa da Scotland a 1988, masu aikin dare sun kunna famfon da aka cire wa bawul ɗin kariya saboda takardar izinin gyaran ba ta zo hannunsu ba, gas ya fashe, mutum 167 suka halaka.

Shin za a iya dogaro da waɗannan alkaluma?

A ganina, da taka-tsantsan, domin masana biyu suna iya duba aiki ɗaya su fitar da adadi daban-daban. Amfaninsu shi ne su nuna wa shugabanni matakin da ya kamata a fara gyarawa, ko a sake rubuta ƙa'idar aiki, ko a rage awoyi, ko a bambanta launin bawul biyu masu kama da juna. Kuma idan aka yi nazarin a ofis ba tare da an zauna da mai murɗa bawul ɗin da hannunsa ba, abin da za a auna shi ne aikin da ke rubuce a takarda, wanda sau da yawa ya sha bamban da yadda ake yinsa da ƙarfe uku na dare.