Taki kaɗai ba ya yin ƙatuwar kabewa

An daɗe ana ɗauka cewa kowane irin kabewa, in ya sha taki da ruwa, zai ba da ƙatuwa. Ba haka ba ne, girman a jinin iri yake. Manyan kabewar gasa, har da mai kilo 1,247 da Travis Gienger ya noma a Amurka a 2023, daga Atlantic Giant suke fitowa, irin da Howard Dill na Kanada ya tace.

Ko 'ya'yan ƙatuwar ma ba tabbas, domin uwa kawai ka gani. Ƙudan zuma na iya kawo garin furen ƙaramar kabewa mai dangantaka da ita. Shi ya sa gwanaye ke haɗa furanni da hannu, su ɗaure, su rubuta uwa da uba. Irin da aka san iyayensa za ka nema.