I Feel Love (waƙar Donna Summer)

I Feel Love waƙar disko ce da mawaƙiyar Amurka Donna Summer ta rera, Giorgio Moroder da Pete Bellotte kuma suka haɗa kiɗanta a sutudiyon Musicland da ke birnin Munich a Jamus. Ta fito a 1977, ita ce ta ƙarshe a faifan I Remember Yesterday. An shirya faifan ne don waƙoƙinsa su bi salon zamanai daban-daban, aka bar wa wannan zamanin da bai zo ba tukuna.

A lokacin, disko sai da taron makaɗa, masu goge da masu busa. Moroder ya ajiye su, ya ɗauko sintesaiza, wato na'urar lantarki mai haɗa sautin kiɗa, ƙirar Moog. Injiniya Robbie Wedel ne ya warware babbar matsalar: ya fara naɗar siginar ƙidaya a layi ɗaya na tef mai layi 16, ya sa na'urar ta riƙa bin ta, don duk abin da aka ɗora daga baya ya sauka daidai kan bugu. Sai dai Moog ɗin ba ya zama a saiti, muryarsa kan kauce nan da nan. Dole aka riƙa naɗa guntu-guntu, daƙiƙa 20 zuwa 30, a tsaya a sake saiti. Babbar ganga ce ta gagari na'urar, domin bugunta ba shi da nauyi, don haka makaɗi Keith Forsey ya buga ta gaske.

Asirin waƙar yana cikin bes ɗinta, wato sautin ƙasa mai kauri. An bi da shi ta na'urar jinkirta sauti, kowane bugu ya sami amsa a bayansa, gudun ya ninka. Asalin yana fita ta lasifikar hagu, amsar ta dama. Wannan ya zo da cikas a gidajen rawa: wanda ya tsaya kusa da lasifikar dama amsar kaɗai yake ji, sai ƙafarsa ta saɓa da bugu. A kan wannan kiɗa mara gajiya Summer ta ɗora siririyar murya, da kalmomi 'yan kaɗan.

Waƙar ta hau lamba 1 a Birtaniya, ta kai lamba 6 a jadawalin Billboard na Amurka. Mawaƙi David Bowie ya ba da labarin yadda mai haɗa kiɗa Brian Eno ya shigo masa da ita a Berlin, Eno yana cewa ya ji sautin nan gaba. Bai yi kuskure ba, don salon kiɗan rawa na house da techno da suka taso a Chicago da Detroit cikin shekarun 1980 sun gaji wannan tsari na bes mai maimaituwa. Mai haɗa kiɗa Patrick Cowley ya sake haɗa ta har ta haura minti 15, aka fitar a 1982. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin rajistar sautukan da ake adanawa, Beyoncé kuma ta ari amonta a waƙar Summer Renaissance ta 2022.