Waiwaye: Kifi a Hancin Karen Teku, da Tambayar Ko Binciken Ya Ci Kuɗinsa

A farkon watan Disamba na 2018, lokacin da sanyin Jos ya kai inda mutum ba ya fita sallar asuba sai da rigar sanyi da hula mai rufe kunne, wani hoto ya zagaya wayoyin mutane a duniya, har ya iso teburin mai shayin da nake zama a kusa da Taminus. Hoton na wata dabbar teku ce da ba ta gama girma ba, tana kwance a bakin ruwa ta lumshe ido kamar wadda ta ƙoshi ta sami inuwa, ga kuma jelar wani dogon kifi mai siffar maciji tana reto daga ƙofar hancinta. Wani dattijo da muke kira Baba ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini ita ya ce, "Malam, yanzu wannan ma akwai wanda gwamnati ke biya albashi don ya zauna yana kallonsa?" Aka yi dariya aka watse, amma tambayar Baba ba ta wasa ba ce, domin ita ce 'yan majalisar Amurka suka shafe shekaru fiye da 40 suna yi wa masu binciken dabbobi, kuma ba a iya amsa ta sai an koma baya an ga yadda aka yi har aka sami mutum da kyamara a tsibirin da aka ɗauki hoton a wannan rana.

Dabbar ita ce Turawa ke kira sil, kuma tunda ƙasar Hausa ba ta da teku, ba mu da tsohon suna da muka raɗa mata. Mutanen asali na Hawai, wato tsibiran Amurka da ke tsakiyar tekun Pasifik, suna kiran tasu da wani suna mai nufin karen da ke gudu cikin ruwa mai tumbatsa, don haka karen teku zan kira ta. Ba ayu ba ce, ko da yake mai kallo daga nesa zai iya haɗa su: ayu ciyawar ruwa take ci, shi kuwa karen teku mafarauci ne mai cin kifi da ƙaguwa da wata halittar teku mai hannaye takwas, yana hawa tudu ya huta, macen kuma a kan yashi take haihuwa. Yawancin danginsa a ruwan sanyi suke, amma akwai iri 3 da suka zauna a ruwa mai ɗumi.

Na yankin Karebiyan shi ne ya fara tafiya. Mutanen Kolumbus, Baturen nan matuƙin jirgin ruwa, sun gamu da shi a 1494 suka yanka suka ci, daga baya aka riƙa kashe shi don kitsensa, wanda ake narkarwa a zuba a fitilu da injinan gonakin rake. Ganin ƙarshe da aka tabbatar an yi masa shi ne a 1952, a wani tudun ruwa tsakanin Jamaika da Amurka ta Tsakiya, kuma a 2008 hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, NOAA, ta bayyana cewa ya ƙare. Ya bar duniya kafin wani ya zauna ya yi nazarin rayuwarsa a tsanake, abin da ya rage kawai fatu ne da ƙasusuwa a gidajen tarihi.

Na biyu shi ne na tekun Bahar Rum, wanda ya fi kusa da mu, domin babbar matattararsa tana Ras Nuwadhibu, a gaɓar da ke tsakanin Muritaniya da Yammacin Sahara. Tsoffin rubuce-rubuce sun nuna a fili yake kwanciya a bakin teku, amma tsangwamar mutane ta tura shi haihuwa cikin kogunan duwatsu, inda igiyar ruwa kan fizge jarirai daga iyayensu. A 1997 kimanin kashi biyu cikin uku na matattarar suka mutu cikin watanni biyu, masana kuma suka rabu, wasu suka ce guba ce daga wani gansakukan teku, wasu suka ce ƙwayar cuta ce. An san girman asarar ne saboda akwai masu ƙirga tun kafin ta faru.

Na uku shi ne mai kifi a hanci. Yawancinsu suna zaune ne a jerin ƙananan tsibirai da ke arewa maso yammacin Hawai, inda babu gari babu ƙauye. Maharba sun kusa gamawa da su a ƙarni na 19. Da aka fara ƙirga su da tsari a ƙarshen shekarun 1950, sai aka ga cikin shekaru 20 adadin da ake samu a bakin ruwa ya ragu da kusan rabi, aka sa su cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa a 1976. Daga farkon shekarun 1980 ne NOAA ta riƙa tura ƙananan tawagogi su kafa tanti a tsibiran na tsawon watanni a kowace shekara, su ƙirga dabbobin, su maƙala wa 'ya'yan da aka yaye alama a ƙafar baya, su rubuta wace ce ta haifi wace, da tabon da ke jikin kowanne. Aiki ne mai gundura, kuma galibinsa ba ya shiga jarida. Amma wanda ya daɗe da garke shi ne ke fara lura idan saniya ta canza tafiya, kuma haka ta faru a nan.

Misalin da ya fi kama hankalina shi ne na Laisan, ɗaya daga cikin waɗannan tsibirai. A can masu ƙirga suka riƙa tsintar mata da munanan raunuka a gadon baya, wasu a mace. Da suka sa ido sai suka gano cewa maza ne ke taruwa su yi wa mace ɗaya rubdugu wajen barbara, suna cizon bayanta har fata ta yage, wani lokaci ma ƙananan da ba su balaga ba suke afka wa. Littattafan ƙirga suka nuna musabbabi, wato maza sun ninka mata a tsibirin. Wanda ya so zolaya zai ce ga masana sun ɓata kuɗi suna leƙen barbarar dabbobi, to amma a dabbar da macenta ba ta haihuwar fiye da ɗa ɗaya a shekara, rasa uwa ɗaya rasa zuriya ne. Aka fara kwashe wasu mazan tun 1984, sannan a 1994 aka kama manyan maza 21 aka kai su manyan tsibiran Hawai. Mutuwar mata ta wannan hanya ta sauko daga kimanin 4 cikin 100 a shekara zuwa ƙasa da 1 cikin 100.

Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon. Wasu masunta a manyan tsibiran suka ɗauka cewa gwamnati ce ta kawo musu baƙuwar dabba ta cinye musu kifi, kuma daga 2009 an riƙa samun gawarwakin karnukan teku da aka harbe ko aka fasa wa kai, har jihar Hawai ta tsananta hukuncin kisansu a 2010. A nan ma binciken ɗabi'a aka koma. Masana suka manna wa wasu dabbobin ƙananan kyamarori a baya, suka nuna wa masunta da 'yan makaranta hotunan, aka ga yadda dabbar ke bin ƙasan teku tana kife duwatsu da kanta, tana cusa baki cikin ramuka tana zaƙulo abin da ya ɓuya, kuma abin da take ci bai kai yawan da ake zargi ba. Wannan ɗabi'a ta cusa baki a rami ita ce za ta dawo da mu kan hoton Baba.

An fara ganin kifi a hancin karen teku ne a 2016 a tsibirin Lisiyanski, bayan kusan shekaru 40 ana kallon dabbobin ba a taɓa gani ba. Ma'aikatan suka danne dabbar suka ja a hankali, abin da ke waje bai wuce tsawon yatsa ba, amma da aka gama zarowa kifin ya kai ƙafa 2 da rabi. Zuwa lokacin hoton 2018, wanda aka ɗauka a tudun ruwan da mutanen Hawai ke kira Lalo, sau 3 ko 4 ke nan aka gani, duka a jikin ƙanana. Shugaban shirin a lokacin, Charles Littnan, ya kawo bayani biyu. Ko dai kifin ne, da ya ga an ritsa shi a raminsa, ya yi kukan kura ya faɗa ƙofar da ya gani a buɗe, ko kuma dabbar ce ta haɗiye shi ta amayo shi ya biyo ta hanci. Duk dabbobin da aka cire wa sun rayu, kifayen ne ba su kai labari ba. Dalilin cirewar kuwa shi ne karen teku yana rufe hancinsa in zai nutse, wani lokaci zuwa zurfin fiye da mita 500, kuma mataccen kifi da ke ruɓewa a hanci zai hana rufewar, ya kuma jawo ciwo.

Gaskiyar da ya kamata masu kare bincike su amince da ita ita ce, lamarin kifin bai zama wata babbar ƙofa ta ilimi ba, ya tsaya a matsayin abin al'ajabi da ya faru 'yan lokuta. Amma kuma babu wanda aka tura tsibirin don neman kifi a hanci. Matar da ta ɗauki hoton tana can ne a kan aikin ƙirga da ceto, irin aikin da ya haɗa da yanke ragar kamun kifi daga wuyan dabba, da cire ƙugiya, da ɗauke 'ya'yan da aka yaye daga gaɓar da kifin shak ya saba farautarsu. Watanni biyu kafin hoton ya bazu, guguwar Walaka ta shafe kusan ɗaukacin wani tsibirin yashi a Lalo da iyaye ke haihuwa a kansa, wanda a ganina ya fi hoton nauyi nesa ba kusa ba, amma bai iso teburin mai shayinmu ba. Ƙididdigar NOAA ta nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na dabbobin da ke raye, ko dai an taɓa ceto su, ko kuma zuriyar wadda aka ceto ce. Yawansu ya kai kimanin 1,400 a 2018, kuma a 2022 aka sanar cewa sun haura 1,500 a karon farko cikin fiye da shekaru 20.

Zolayar irin wannan bincike tana da nata tarihin. Daga 1975 zuwa 1988 Sanata William Proxmire yakan ba da wata lambar ba'a kowane wata ga aikin gwamnati da yake ganin almubazzaranci ne, masana kimiyya kuma sun sha karɓarta. A 2011 Sanata Tom Coburn ya fito da rahoton da ya yi wa wani bincike tsiya saboda an sa jatan lande gudu a kan ƙaramin injin motsa jiki, alhali ana auna yadda cuta da gurɓatar ruwa ke raunana shi ne, kuma mai binciken ya ce bai kashe dala 50 wajen haɗa injin ba. Ba na cewa 'yan majalisar ba su da hujja, domin kuɗin jama'a amana ne, kuma akwai binciken da ba a yi shi don komai ba sai don ƙarin girma a wurin aiki. Kuskurensu shi ne yanke hukunci daga jin sunan aiki. An yi wa Edward Knipling da Raymond Bushland dariya don sun duƙufa kan barbarar wani ƙuda mai zuba tsutsa a raunin shanu, sai ga shi gano cewa macen sau ɗaya take barbara a rayuwarta ya haifar da dabarar sakin mazan da aka kashe wa ƙwayar haihuwa. Da ita aka kawar da ƙudan daga Amurka, da ita aka murƙushe shi a Libiya bayan ya ɓulla a 1988, da ita kuma aka raba tsibirin Unguja na Zanzibar da ƙudan tsando a 1997. A Vom ma, nan bayan gidanmu, an yi kiwon ƙudan tsando don wannan dabara a shekarun 1980.

Wannan hujjar tana da iyaka, kuma bai kamata a ja ta fiye da ƙarfinta ba. Karen teku ba zai ba makiyayi maganin sammore ba, kuma duk wanda ya yi alkawarin cewa ceton kowace dabba zai dawo da riba, ya faɗi abin da ba zai iya cikawa ba. Ko dabbar ta cancanci a kashe mata kuɗi ko ba ta cancanta ba, wannan shawara ce ta al'ummar da ke biya, kuma Amurkawa sun yanke tasu a dokokinsu na kare dabbobi na 1972 da 1973. Abin da tarihin ya nuna kawai shi ne, in an yanke shawarar ceton, ba a iya raba shi da zaman kallo, tunda ba a san a ranar farko wane baƙon hali ne zai zama na Laisan, wane ne kuma zai tsaya a na dariya.

Mu a Filato ba mu rasa masu irin wannan zama ba. A dajin Amurum da ke Laminga, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta shafe fiye da shekaru 20 tana kama tsuntsaye da raga, tana auna su, tana sa musu zobe a ƙafa tana saki, kuma na tabbata in Baba ya ga ɗalibi da sassafe yana auna fiffiken ɗan tsuntsun da bai kai cikin tafin hannu ba, tambayar da ya yi mini zai maimaita. A kudancin jihar kuma, a tafkin Pandam da rassan kogin Binuwai, akwai ayu, wadda ake farauta don namanta da manta, wadda kuma take cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a duniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shimfiɗar mai maganin gargajiya a kasuwa ya ji ana tallar man ayu, amma da wuya ya gamu da wanda ya taɓa ganin ta ɗago hanci tana shaƙar iska.