Ba duk wanda ya fito titi ba ne ɗan tawaye

Zauna a majalisar mai shayi a Tudun Wada ko Kawo ranar da matasa suka fito da kwalaye, za ka ji wani dattijo ya ce, "Yaran nan sun yi wa gwamnati tawaye." Kalmar ta daɗe a bakinmu, har yaron da ya ƙi aike ma cewa ake ya yi tawaye. A harkar mulki kuwa, nauyinta ya wuce haka nesa.

Tawaye shi ne jama'a su haɗa kai su ɗauki makami domin karya ikon hukuma da ƙarfin tsiya. Sai an samu makami da niyyar ture iko. Abin da ya faru a Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906 ke nan, lokacin da talakawa suka far wa sojojin Turawa, suka kashe jami'ansu.

Zanga-zangar lumana daban take. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana, ko da abin da zai faɗa bai yi wa masu mulki daɗi ba. In ɓata-gari sun shiga sun fasa shaguna, wannan tarzoma ce, laifi ne mai hukuncinsa, amma bai kai tawaye ba.

Juyin mulki kuma daga cikin gida yake fitowa, wato daga sojoji ko jami'an hukumar kanta, kamar na 15 ga Janairu 1966, da Manjo Nzeogwu ya jagoranci kisan Sardauna a nan Kaduna.